Sabo Daban, Orijina Daban

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu wata 'yar kunya ce da na sha a zangon karatun da ya wuce, wadda na tabbata ba ni kaɗai na taɓa shan irinta a wannan sashe ba, sai dai kowa ya haɗiye tasa. Na kai wa malamin da ke duba kundina na kammala digiri shimfiɗar aikin da nake son yi a kan waƙoƙin aure na Hausa da matan unguwarmu, wato Yelwa ta cikin garin Mubi, suke rerawa. Bayan kwana biyu ya maido mini da takarduna, ya rubuta kalmomin Turanci guda biyu da jan biro a saman shafin farko: "not original". Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma ofishinsa na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, wallahi na bincika kundayen da ke ɗakin karatu na sashe kaf, babu wanda ya taɓa yin aiki a kan Yelwa. Sabon batu ne."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Na san sabo ne. Ni na ce maka tsoho ne? Je ka ka yi tunani a kan abin da na rubuta."

Kafin in ci gaba, bari in faɗa wa mai karatu ko ni wane ne a wajen harshe, don kada a ce na shiga sharo ba shanu. Ni ba Bahaushe ba ne. Gude ake yi a gidanmu, Fulatanci na tsinta a wurin wasa da kasuwa, Hausa kuwa a bakin titi da makaranta na same ta, Turanci ya zo daga baya. Har gobe abokaina Kanawa da Katsinawa suna yi mini dariya idan bakina ya suɓuce na ce "sabon mota", domin Hausar da muka tashi da ita a Mubi ba ta cika damuwa da jinsi ba. Na daɗe kuma kafin kunnena ya rabe tsakanin sabo kishiyar tsoho da sabon nan da ake ce wa turken wawa, waɗanda karin sauti kaɗai ya raba su. Amma wanda ya koyi harshe daga waje yana da wata riba guda: yakan tsaya ya yi tambaya a inda ɗan gida zai wuce abinsa.

Amsar maganar Malam ban same ta a littafi ba. A shagon kawuna na same ta, lokacin da na koma gida hutu. Kawu yana sayar da kayan gyaran mota, kuma yawancin masu cinikinsa direbobin 'yan ƙananan Starlet ɗin nan ne da ke jigilar kaya da mutane zuwa ƙauyukan kan iyakarmu da Kamaru. Ina zaune wani direba ya shigo ya ce yana neman famfon mai. Kawu ya tambaye shi, "Sabo kake so ko orijina?"

Direban ya ce, "Haba Alhaji, da wannan hanyar tamu wa zai sa sabo? Ba ni ɗan Beljiyam."

Kawu ya ajiye guda biyu a kan tebur. Ɗaya yana cikin kwalinsa, sabo dal, sai sheƙi yake yi, ba a taɓa ɗaura shi a jikin mota ba. Ɗayan ya yi baƙi da dattin mai, an kwance shi ne daga jikin wata mota da ta gama rayuwarta a Turai. Wannan mai dattin shi ne orijina, shi ne kuma ya fi tsada, shi direban ya biya ya tafi yana godiya. Ga mutum biyu, babu wanda ya gama sakandare a cikinsu, sun rarrabe kalmomi biyun da ni mai shekara huɗu a jami'a na cakuɗa. Sabo yana magana ne a kan lokaci, wato yaushe abu ya fito. Orijina yana magana a kan tushe, wato daga ina abu ya fito, hannun wa ya yi shi.

Tun daga ranar na fara bin waɗannan kalmomi na Turanci ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ashe dangi ne masu yawa, mu kuma ɗalibai da masu fassara a gidajen rediyo mun tara su duka mun cusa cikin buhu biyu kacal: "sabo" da "ƙirƙira". Ra'ayina shi ne laifin ba na Hausa ba ne. Hausa tana da kalmomin. Ƙiwa ce tamu.

Mu fara da "new" da "novel". Kalmar farko ba ta da wahala, ita ce sabo. Ta biyun ita ce mai rikici, domin mu a sashen nan ba mu san ta ba sai a matsayin suna, wato ƙagaggen labari. A shekarar 2020 da aka yi ta ambaton "novel coronavirus", da kunnena na ji wani yana kafa hujja da ita cewa ai Turawan da kansu sun yarda cutar ƙagaggen labari ce. Abin dariya ne, amma mutumin nan ya ƙi sa takunkumi saboda wannan fahimta. A wurin nan kalmar sifa ce, tana nufin abin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Tushenta kalmar Latin ce mai ma'anar sabo, ta wannan tushe kuma sunan ƙagaggen labarin ya biyo ta harshen Italiya. To, bambancin a nan shi ne: jaririn da aka haifa jiya sabo ne, amma an saba ganin jarirai. Ƙwayar cutar kuwa baƙuwa ce, likitoci ba su san irinta a jikin ɗan'adam ba. Da an ce mana "baƙuwar cuta" da an fi kusa da ma'ana.

Misalin da kowa zai tuna shi ne na canjin kuɗi. Ranar 23 ga Nuwamba 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Da suka iso hannun jama'a, bayan wahalar da aka sha a farkon 2023 wadda mu a Mubi ba za mu manta da ita ba, sai aka ga Sardauna yana nan a kan 200, Azikiwe yana nan a kan 500, Aliyu Mai-Bornu mutumin Yola da Clement Isong suna nan a kan 1,000. Launi ne ya fi sauyawa. Kuɗin sababbi ne, babu musu, amma babu wani baƙon abu a tattare da su. Ita kuwa eNaira da aka ƙaddamar a Oktoba 2021, kuɗin da babu takarda babu ƙarfe, ita ce baƙuwar aba. Kuma ga shi baƙuntar ba ta sa jama'a sun rungume ta ba. Wannan ma abin lura ne ga masu ganin duk abin da ba a taɓa yi ba dole ya zama mai kyau.

"Fresh" da "modern" ba za su ɗauke mu lokaci ba. Na farko shi ne ɗanye ko sabon ɗauka, kamar nonon da aka tatso da safe ko kifin da bai kwana ba. Na biyu shi ne na zamani, kuma abin zamani yana iya tsufa yana nan a matsayinsa na abin zamani, kamar jirgin ƙasan da ya iso Kano tun 1911. Shi kansa "sabo" yakan maƙale a jikin suna har abin ya yi furfura. Sabon Layi da ke maƙwabtaka da mu a Mubi, kakata ta san shi da wannan suna. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen "invention" da "discovery" da "innovation". A nan ne "ƙirƙira" take shan wahala a bakin 'yan jarida. An ƙirƙiro jiha, an ƙirƙiro ayyukan yi, an ƙirƙiro magani, an ƙirƙiro man fetur a wuri kaza, ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka raba Gongola gida biyu, aka sami Adamawa da Taraba. Ƙasar tana nan, mutanen suna nan, layi aka ja. A ganina "an kafa" ko "an yanka" sun fi dacewa da wannan. Man fetur kuwa ba a ƙirƙiro shi, gano shi ake yi, domin yana kwance a ƙarƙashin ƙasa tun kafin a haifi mai tonon. Kalmar Turancin ma asalinta yaye murfi ne daga kan abin da ke rufe. Shi ya sa sunan da Malam Nuhu Bamalli ya sa wa littafinsa, Mungo Park Mabuɗin Kwara, yake burge ni. Sai dai a nan ma akwai tambayar da malaman firamare ba su bari mun yi ba: wa aka buɗe wa? Lokacin da Baturen nan ya hango kogin a Segu cikin watan Yuli 1796, a kan idon mutanen da ke tsallaka shi da kwalekwale kullum ya hango shi. Ganowa kullum tana da mai ita. Ya gano wa Turai ne, Sarkawa da Nufawa ba su taɓa ɓatar da Kwara ba balle a gano musu.

"Invention" ita ce ƙagowa ko ƙirƙira ta gaskiya, wato samar da abin da babu shi a da. Abin sha'awa, a harsunan biyu kalmar tana da fuska biyu. Bature yakan yi amfani da ita ga wanda ya shirya ƙarya, mu ma daga "ƙaga" muka sami "ƙage". Mai ƙagaggen labari da mai yi wa mutum ƙage sana'arsu ɗaya, niyya ce ta raba su.

"Innovation" fa? Wannan ita ta fi kowace ba mai fassara tsoro, kuma da dalili. A littattafan addini da aka rubuta da Turanci, da ita ake fassara bidi'a. A bakin 'yan kasuwa da gwamnati kuwa yabo ce tsantsa. A watan Agusta 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙara wannan kalma a cikin sunan Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha. Ka ƙaddara wani ɗan'uwanmu ya buɗe ƙamus ya ɗauko ma'anar farko da ya gani, ya shiga rediyo ya sanar da cewa an naɗa Ministan Bidi'a, a ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a, inda kuma aka kafa ƙungiya sukutum a Jos a 1978 da sunan kawar da bidi'a. Alhali a Larabci tushen da ya ba da bidi'a shi ya ba da badi'i, fannin adon magana da muke karantawa a balaga. Shi kuma Shehu laƙabinsa Mujaddadi, mai sabuntawa, kuma sabuntawar tasa komawa ce ga asali. Ka ga a nan sabo da orijina sun haɗu a wuri guda, ta wata hanyar da ba ta shagon Kawu ba.

A fagen sana'a, abin da kalmar take nufi shi ne sabuwar dabarar amfani da abin da ake da shi, har ta shiga hannun jama'a. Misalin da na fi so na wani malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse ne, Muhammad Bah Abba. Kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san randa tana sanyaya ruwa. Shi sai ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin ke tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Gautar da kan yi kwana 3 ta kai kwana 27. Ya yi dubban tukwanen ya rarraba a ƙauyukan Jigawa, a shekarar 2000 kuma ya sami lambar yabo ta Rolex. Bai ƙago tukunya ba, bai gano cewa ruwa yana sanyaya abu ba. Ya haɗa sanannun abubuwa ne ta hanyar da ta magance matsalar manomin da ba shi da lantarki. Wannan ita ce sabuwar dabara, kuma in da za a tambaye ni, da haka za a riƙa fassara kalmar. Haka Keke Napep: a Indiya ake ƙera ta, sunan hukumar yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001 ta ɗauka, Kanawa kuma suka mai da ita A Daidaita Sahu a 2005.

Yanzu mu dawo kan "original", wadda ta jawo duk wannan surutu. Na lura tana da ma'ana uku, kuma ɗalibi yana karo da dukkansu kafin ya bar jami'a. Akwai wadda magatakarda ke nufi idan ya ce a zo da orijina da fotokwafi, wato takardar ainihi da aka kwafi sauran daga jikinta. Akwai ta Kawu, wato na gaske, kishiyar jabu. Sai ta Malam, wato abin da ya fito daga tunanin mai shi, na ƙashin kansa. Duka ukun suna komawa ga asali, wanda shi ne ma'anar tushen kalmar. Babu ko ɗaya da ta ce dole abin ya zama sabo.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin adabi. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, ƙasa da shekaruna na yau. Bayan 'yan shekaru ya rubuta Magana Jari Ce, kuma sanannen abu ne ga manazarta cewa da yawan labaran cikinsa ya samo su daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm da wasu littattafan Gabas da na Turai, har shi kansa tsarin aku mai ba da labari yana da tushe a adabin Indiya da Farisa. Na taɓa jin wani ɗan ajinmu, ranar da ya fara sanin haka, yana cewa ashe Imam kwafa ya yi. Ban yarda ba. Kwafa ita ce fotokwafi, ba ta ƙara komai ba ta rage komai sai haske. Imam ya kwance labaran ne ya sake ɗinka su, ya ba mutanen ciki sunayenmu da fadarmu da kasuwarmu da irin ba'armu, har yaro a Yelwa yake karantawa bai taɓa zaton labarin ya taɓa zama a wata ƙasa ba. Kayan aro ne, amma ɗinkin nasa ne, kuma duk wanda ya san Hausar Imam zai gane ta ko an cire sunansa daga bango. Shekisfiya ma labarin Romiyo da Juliyet ya tarar da shi a rubuce, wani Arthur Brooke ya riga ya waƙe shi da Turanci a 1562, ba mu ji Ingila ta kore shi daga manhaja ba.

Sai dai adalci ya ce a auna kowa da mudu ɗaya. A muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 a kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, babban zargin shi ne kwaikwayon finafinan Indiya. A cikinsu akwai waɗanda zargin ya hau kansu daram, domin sunaye kawai suka canja. Amma akwai irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda zaman gidan Bahaushe ne tsantsa, da kishi da saki da wahalar 'ya'ya. Abin mamaki ma, wani kamfanin ɗab'i na Indiya ne ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Da a ce hotonsu suka gani a madubi, ban ga abin da zai sa su wahalar da kansu ba. Don haka tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa littafi ko fim ita ce, me mai shi ya yi da abin da ya ɗauko? Tambayar ko ya ɗauko wani abu daga wani wuri ba ta da amfani sosai, tun da kowa ɗaukowa yake yi.

Da na dawo daga hutu na zauna na sake karanta shimfiɗar tawa da idon Kawu. Gaskiya ɗaci gare ta. Wani tsohon kundi na samu a kan waƙoƙin aure na wani gari a ƙasar Katsina, na bi kanun babobinsa ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki ra'in da ya ɗora aikinsa a kai, har sakamakon da nake sa ran samu nasa ne. Inda ya rubuta sunan garinsu na rubuta Yelwa. Ban saci jimla ko ɗaya ba, na'urar kama satar fasaha ba za ta kama ni ba, amma launi kawai na canja kamar takardar naira 500. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, rabin kundayen da ke kan kantar sashen nan haka aka yi su: nazarin kaza a garin kaza, sai mai bi masa ya canja garin.

Na ajiye tsohon kundin, na koma kan waƙoƙin da na ɗauko a waya a bukukuwa uku. Sai na ji abin da kunnena ya daɗe yana ji amma ban taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba. Matan Yelwa ba Hausa zalla suke waƙa da ita ba. Suna cikin yabon amarya da Hausa, idan aka zo zambo ga dangin ango sai su zame zuwa Fulatanci, wani lokaci su jefa kalmar Gude ko ta Fali, sannan su dawo. Kuma wannan rashin kula da jinsi da ake yi mini dariya a kansa yana nan cikin waƙoƙin, har wani wuri shi yake daidaita musu kari. A ina suke sauya harshe, don me, wa ake so ya ji, wa ake so kada ya ji? Wannan tambaya babu ita a kundin Katsina, ba za ta ma taso a can ba. Na rubuta shafi huɗu a kanta na kai wa Malam.

Ya karanta a gabana, yana yi yana gyaɗa kai. Bai rubuta "original" ba, kada in yi masa ƙage. Abin da ya rubuta a sama shi ne "ci gaba". Sannan ya juya shafi na biyu, inda na ce ina fata aikin zai buɗe sabon hanya a nazarin waƙoƙin mata, ya zagaye kalmar da jan biro, ya rubuta "sabuwar" a gefe, ya miƙo mini.